Hamzar Rabi'u da Manhajar Kargo a Shara Mansur

A wani lungu da ke kusa da Shara Mansur a Makka akwai wani ƙaramin kamfanin kargo, mallakar wani dattijo Bahaushe haifaffen garin, wanda aikinsa shi ne karɓar tsarabar alhazai da masu Umara, a auna ta, a ɗaure, a kai Jidda, daga can kuma a tura Kano ko Abuja ko Yamai. Kamfanin yana da manhaja a intanet wadda aka rubuta da harshen PHP, bayananta kuma suna zaune a rumbun MySQL. Ayyukanta ba su da yawa. Magatakarda yana shigar da sunan mai kaya da lambar wayarsa da lambar fasfo ko iƙama da nauyin kayan, manhajar ta fitar da fatura, sannan akwai wani buɗaɗɗen shafi inda mai kaya, ko ɗan'uwansa da ke gida, zai rubuta lambar faturar ya ga inda kayan suka kai. Wani ɗalibi ne ya rubuta ta shekaru da dama da suka wuce, ya gama karatunsa ya koma gida, tun daga lokacin kuma duk wanda aka ji ya san kwamfuta sai a ce ya ɗan taɓa ta.

A cikin watan Sha'aban, ana shirin cunkoson Umarar azumi, mai kamfanin ya aiko a kira ni. Na same shi zaune kusa da ma'auni, ya ce, "Injiniya, na'urar nan tana da waɗanda ta tsana. Ka ba ta Musa ta karɓa, ka ba ta Rabi'u ta tofar." Na ce, "Alhaji, bari in gani da idona." Magatakardan ya rubuta sunan, ya danna, shafin ya yi fari fat, sai layi ɗaya na Turanci a sama mai cewa akwai kuskure a tsarin umarnin SQL, wato harshen da manhaja ke ba rumbun bayanai umarni da shi. Ya gaya mini cewa sun daɗe da sanin haka, kuma sun samo wa kansu mafita: duk sunan da ke da hamza, wato alamar nan da muke ɗorawa a sama a Mu'azu da Shu'aibu da Asma'u da Nafi'u, sai su cire ta su rubuta sunan haka nan. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in ya shigar da sunan ta wayarsa, sai ya wuce lafiya lau da hamzarsa. Dalilin da ya sa aka kira ni kuwa shi ne, wakilinsu na Kano ya nemi jakar wata Hajiya ta hanyar rubuta sunanta, shafin ya faɗi, ya sake nema ba tare da hamza ba ya ga wata mata daban, jakar kuma ta yi kwanaki a sito ana ta kiran waya.

Layin da ke shigar da bayanin kaya ga yadda yake:

$umarni = "INSERT INTO kaya (suna, waya) VALUES ('$suna', '$waya')";

Wanda ya rubuta shi ya ɗinke umarnin da bayanin mai kaya wuri guda, ya mayar da su jimla ɗaya, sannan ya miƙa wa rumbun. A harshen SQL kuwa, alamar da ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa ita ce dai wannan alama da muke amfani da ita a matsayin hamza. Saboda haka idan sunan Rabi'u ya shiga, rumbun yana karanta Rabi a matsayin cikakken rubutu wanda hamza ta rufe, sai ya ci karo da harafin u tsaye shi kaɗai inda yake jiran waƙafi, ya rasa me ake nufi, ya mayar da kuskure mai lamba 1064. Ba sunayen mutane kaɗai abin ya shafa ba. Adireshin da ke 'Yankaba ko 'Yankura ko Jama'are ma haka yake faɗuwa, da duk bayanin da magatakarda ya rubuta kalmar 'yar ko 'ya'ya a ciki. Mai rubuta manhaja a Ingila zai iya shekara bai haɗu da suna mai wannan alama ba sai jefi-jefi, amma a kan teburin Bahaushe kafin azahar an haɗu da shi.

Batun wayar ma yana da bayani. Tun daga iOS 11, wanda ya fito a 2017, allon rubutu na iPhone yana sauya miƙaƙƙiyar hamza da lanƙwasasshiya da kansa. A ido kusan ɗaya suke, amma a wurin kwamfuta haruffa biyu ne mabambanta, kuma lanƙwasasshiyar ba ta rufe rubutu a SQL. Da na duba tsoffin bayanai sai na tarar da suna ɗaya a siga huɗu: babu hamza, da miƙaƙƙiyar hamza, da lanƙwasasshiya, da kuma wata siga mai karkataccen layi kafin hamzar. Wannan ta ƙarshe ita ta nuna mini tarihin manhajar. A zamanin da aka rubuta ta, PHP yana da wani tsari da ke saka karkataccen layi da kansa gaban kowace hamza da ta shigo daga fom, shi ya sa ɗalibin bai taɓa ganin matsalar ba, a wani shafin ma ya ƙara nasa a kan na tsarin, layin ya ninku, ɗaya ya zauna a cikin sunan. An cire wannan tsari a PHP 5.4 a 2012. Daga baya, da PHP 7 ya fito a ƙarshen 2015 ba tare da tsoffin ayyukan magana da rumbu da sunansu ke farawa da mysql_ ba, kamfanin da ke riƙe da sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ya matsa gaba, wani ya zo ya bi fayil-fayil yana mayar da su mysqli_ har manhajar ta tashi, amma bai taɓa ɗinkin da ke ciki ba. Garkuwar da ta kasance bisa tsautsayi ta tafi, ba wanda ya lura.

Da a nan lamarin ya tsaya, da ƙorafin magatakarda ne kawai. Amma ƙofar da hamzar Rabi'u take bi ta rikita umarni ba da niyya ba, ita ce dai ƙofar da mai mugun nufi zai bi ya sauya umarnin da gangan. Na buɗe fayil ɗin shafin bibiyar kaya, wanda kowa a duniya zai iya shiga, na ga wannan:

SELECT * FROM kaya WHERE lamba = $lamba

A nan ko hamza ba a buƙata, domin lambar ba ta cikin alamar rubutu. Na ɗauki kwafin manhajar da na rumbun na ɗora a kwamfutata, na kira Alhaji ya matso, a gurbin lambar fatura na rubuta 0 OR 1=1. Tun da ɗaya daidai yake da ɗaya a kowane layi, sharaɗin ya cika a kan kowa, shafin ya fara zubo sunayen duk wanda ya taɓa aika kaya, da lambobin wayarsu, da adireshin masu karɓa. Alhaji ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, ya tsaya a kan sunan wani amininsa da ya rasu. Ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu kowa zai iya yin wannan daga ɗakinsa?" Na ce ƙwarai, kuma wanda ya ƙware zai iya haɗa wannan tambaya da wata ya karanto teburin ma'aikata da lambobin fasfo. A daren muka rufe shafin.

Duk da haka ya yi tambayar da masu ƙananan sana'a suka saba yi, wato wa zai ɓata lokacinsa a kan ɗan shagonsa. Na nuna masa kundin sabar, inda ake ganin baƙin adireshi suna jefo wa shafin hamza da kalmomin SQL a tsakar dare. Ba mutum ne zaune yana nufinsa ba, manhajoji ne da ke yawo a intanet suna taɓa kowace ƙofa su ji wadda ba a kulle ba. Wannan dabara ta cusa umarni a cikin bayani tsohuwa ce, an bayyana ta a fili tun Disamban 1998 a fitowa ta 54 ta mujallar Phrack, kuma ƙungiyar OWASP ta sa cushen umarni a matsayi na farko a jerinta na haɗurran manhajojin intanet a 2010 da 2013 da 2017, a 2021 kuma na uku. Ta wannan hanya aka kwashi bayanan mutum fiye da 150,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka ci shi tarar fam 400,000 a shekarar da ta biyo, ta ita kuma aka fasa manhajar MOVEit a 2023. Abin da ya fi shiga kunnensa, sai dai, shi ne na gida: dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, wa'adin shiri ya ƙare a Satumban 2024, hukumar SDAIA ce ke kula da ita, kuma lambar fasfo da ta iƙama suna cikin abin da take karewa.

Wani ɗan ƙanensa, wanda ke karatun kwamfuta kuma shi ne ya taya ni aikin har ƙarshe, ya kawo shawara cewa a rubuta ɗan aiki guda wanda zai cire hamza daga duk abin da aka shigar, a huta. Ban yarda ba, saboda dalilai biyu. Na farko, shafin bibiyar ya riga ya nuna cewa ana iya cusa umarni ba tare da hamza ko ɗaya ba. Na biyu, sunan mutum nasa ne, kuma bai dace a gyara wa Sa'adatu sunanta don manhaja ta kasa ɗaukarsa ba. Shawararsa ta biyu ita ce a bi kowane bayani da aikin nan na mysqli da ke kare hamza kafin a ɗinka. Wannan ya fi na farko, kuma yana aiki idan an yi shi daidai a ko'ina, amma ya dogara ne ga kada mai rubutu ya manta ko sau ɗaya, kuma ba ya tsinana komai a inda lamba take tsirara babu alamar rubutu, kamar a wancan shafi.

Abin da muka yi shi ne komawa ga shiryayyen umarni. Na yi wa Alhaji bayaninsa da faturarsa ta takarda. Idan ka aiki yaro da saƙon baki ka ce ya gaya wa mai sito ya ba wane jaka ɗaya, wani zai iya tare shi a hanya ya ƙara masa magana, mai sito kuma ba shi da hanyar sanin inda maganarka ta tsaya. Amma idan bugaggiyar takarda ce mai gurbin suna da gurbin lamba, duk abin da aka rubuta a gurbin suna suna ne, ko da an rubuta "a ba shi duk jakunkunan", mai sito zai duba ya ce babu mai wannan suna. A manhajar ga yadda layin farko ya koma:

$shiri = $rumbu->prepare("INSERT INTO kaya (suna, waya) VALUES (?, ?)");
$shiri->execute([$suna, $waya]);

Tafiya biyu ake yi. A ta farko, manhajar tana aika wa rumbun ƙashin umarnin da alamar tambaya a kowane gurbi, rumbun ya karanta, ya fahimci tsarinsa, ya ajiye, ya mayar da lambar shaida. A ta biyu sai a aika lambar shaidar tare da bayanan, kowanne da nau'insa da tsawonsa. Tun da an gama karanta umarnin kafin bayanin ya iso, babu wani harafi a cikin bayanin da zai iya sauya shi, hamza ta koma harafi kamar kowane harafi. Ba sabon abu ba ne ko kaɗan, domin MySQL yana da shi tun sigar 4.1, PDO kuma, wato wata hanyar da PHP ke bi ya yi magana da rumbu, ya shigo PHP tun 5.1 a 2005, watau yana nan tun kafin a rubuta manhajar kamfanin.

Mun zaɓi PDO, kuma akwai saiti uku da na tsaya a kansu a wurin buɗe haɗi da rumbun. Na farko, a ambaci utf8mb4, tsarin haruffan da ke ɗaukar rubutun kowane harshe, a cikin layin haɗin kansa. Na biyu, a sa kowane kuskure ya tayar da ƙara maimakon ya wuce shiru, wanda shi ne halin PDO na asali tun PHP 8.0, amma a tura saƙon kuskuren cikin kundi, kada a nuna wa baƙo, domin wancan layin Turanci da ke fitowa a farin shafi taswira ce ga ɓarawo. Na uku shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba. Idan da MySQL ake aiki, PDO a halinsa na asali kwaikwayon shirin yake yi, wato shi da kansa yake kare bayanan ya ɗinka su cikin umarnin, sannan ya aika jimla ɗaya. Idan tsarin haruffa daidai yake wannan ma yana karewa, amma na fi son rabuwar ta zama ta gaske, sai muka kashe saitin kwaikwayon, wato ATTR_EMULATE_PREPARES. Kashe shi ya zo da ɗan farashinsa: a shafin bincike, inda muka yi amfani da gurbi mai suna ɗaya sau biyu a umarni guda, ya ƙi, dole muka ba kowanne sunansa.

Sauya layukan da ke shigarwa da gyarawa da gogewa aiki ne na haƙuri kawai, ba wata dabara. Inda aka sha wuya shi ne wuraren da gurbi ba ya shiga. Gurbi na bayani ne kaɗai, ba ya ɗaukar sunan tebur, ko sunan ginshiƙi, ko kalmar umarni. Shafin rahoto yana barin magatakarda ya jera kaya bisa suna ko nauyi ko rana, kuma sunan ginshiƙin yana zuwa ne kai tsaye daga adireshin shafin. Yaron ya sa alamar tambaya bayan ORDER BY, kalmar umarnin jerawa, babu kuskuren da ya fito, amma jerin bai motsa ba, domin rumbun ya ɗauki abin a matsayin rubutu tsayayye, ba sunan ginshiƙi ba. Maganinsa shi ne a rubuta sunayen da aka yarda da su a cikin manhajar, uku ne kacal, in abin da ya zo ba ya cikinsu a koma jeri bisa rana. Haka kuma shafin da ke ɗora kaya da yawa a jirgi ɗaya, wanda ke amfani da IN, kalmar da ke karɓar jerin lambobi: ba a zuba lambobi goma a gurbi ɗaya, sai an ƙirga su an samar da alamar tambaya goma. A binciken suna da LIKE kuwa, wato kalmar neman rubutu mai kama da wani, alamar kashi cikin ɗari tana shiga ne cikin bayanin, ba cikin umarnin ba, kuma in baƙo ya rubuta ta ita kaɗai za ta dace da kowane suna, abin da shiryayyen umarni ba zai hana ba, tun da ba a sauya umarnin ba.

Kurakurai biyu na yaron sun cancanci a ambata, ba don a kunyata shi ba, sai don kusan kowa yana yin su. A wani fayil ya kira aikin shiryawa daidai, amma ya bar $suna a cikin jimlar umarnin, ya zartar babu bayani. A ido aikin ya yi kama da gyararre, alhali ramin yana nan yadda yake. Daga ranar muka kafa ƙa'ida cewa kada a ga alamar dala a cikin jimlar da ake shiryawa, in ban da wuraren nan ƙalilan da muka tantance da hannu. Na biyun kuma, ya mayar da lambar waya lamba ta lissafi kafin ya aika, sai sifilin farko na lambobin Saudiyya masu farawa da 05 da na Najeriya irin 080 ya ɓace. Lambar waya da ta iƙama ba a tara su ba a raba su, saboda haka rubutu ne, a haka kuma ya kamata su tafi. Ni ma na yi nawa sakacin. Na bar wani umarni a shafin rahoton wata da ɗinki, bisa tunanin cewa sunan daga rumbunmu ya fito, ba daga baƙo ba. Ranar da sunaye masu hamza suka fara zama lafiya a rumbun, rahoton ya faɗi a kan na farkonsu.

Alhaji ya ji an ce tafiya biyu, ya tambaya ko manhajar za ta yi nauyi a cikin azumi. Ba ta yi ba, domin sabar da rumbun a na'ura ɗaya suke. Sai dai ban yi masa alkawarin ƙarin sauri ba, ko da yake ana yawan tallata shiryayyen umarni da hakan. A MySQL shirin yana rayuwa ne iya tsawon haɗin da aka yi shi a ciki, a PHP kuma haɗin yakan mutu da zarar shafin ya gama fita, don haka umarnin da aka zartar sau ɗaya bai ci ribar komai ba ta fuskar sauri. Inda muka ga bambanci shi ne wurin shigar da jerin kayan jirgi guda, inda ake shiryawa sau ɗaya a zartar sau ɗaruruwa.

Matsalar da ban zata ba ta fito ne daga utf8mb4. Da muka gyara haɗin, duk tsoffin sunayen da aka rubuta da Larabci, da masu ƙ da ɗ da ɓ, suka koma tarkacen alamomi. Teburan an gina su ne a kan latin1, wanda shi ne tsarin haruffa na asali na MySQL kafin siga ta 8.0, tsohuwar manhajar kuma tana zuba haruffan duniya a ciki ta karanto su ta ƙofar da ta zuba, kuskure biyu suna rufa wa juna asiri. Bayan mun ɗauki kwafin ajiya, muka mayar da ginshiƙan zuwa ɗanyen bayani tukuna, sannan zuwa utf8mb4, sunayen suka dawo. Mun kuma bi wuraren da ake nuna suna a shafi muka tsare su da htmlspecialchars, aikin PHP da ke hana a ɗauki rubutu a matsayin umarnin shafi, domin shiryayyen umarni rumbu yake karewa, ba ya kare burauzar mai karatu, muka kuma rage ikon asusun da shafin bibiya ke shiga rumbun da shi zuwa karatu kawai, muka daina nuna lambar waya da adireshi a wurin.

Saura sigogin nan huɗu na suna ɗaya. A nan yaron ya kawo hujja mai kyau, cewa layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar hamza, saboda haka Rabiu ma ingantacciyar siga ce a wurin jami'an filin jirgi. Sai muka ajiye sunan yadda mai shi ya faɗa, muka ƙara ginshiƙi na biyu don bincike kawai, wanda aka cire wa kowace irin hamza, ta yadda wakilin Kano zai same shi ko ta yaya ya rubuta. Haɗe tsoffin bayanai kuwa ba mu bar wa na'ura ba, domin mata biyu masu suna ɗaya daga gari ɗaya ba abin mamaki ba ne. Magatakardan ne ya zauna bayan sallar isha'i yana bin su da lambar waya da abin da ya sani na mutanensa. An sake buɗe shafin bibiyar kafin ganin watan Ramadan, shi kuwa har bayan ƙaramar salla yana kan harafin S.